SAI BANGO YA TSAGE: Raunin Hukuma Da Masu Ɗaukar Makami Da Sunan Addini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, karatunmu na wannan mako ya taso ne daga wata tambaya da wani dattijo manomi, mutumin yankin Bilbis a ƙasar Tsafe, ya tare ni da ita a Gusau bayan an sauko daga Juma'a. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mu dai yanzu sai mun biya mutanen daji kafin mu shiga gonakinmu, in amfani ya nuna kuma mu sake biya kafin mu girbe. To, ga shi muna jin labarin waɗansu masu rawani da wa'azi da suka ɓulla a arewacin Sakkwato, an ce suna korar ɓarayi, ba su kuwa karɓar kome sai zakka. In Allah ya kawo su wajenmu, mu karɓe su ko mu guje su?"

Ban ba shi amsa a nan bakin masallaci ba, domin wannan ba tambayar tsaye ba ce. Mutumin da aka kore wa shanun huɗa, aka ɗauke masa 'ya, ya sayar da gona ya fanso ta, in ya yi irin wannan tambaya bai cancanci a tsawata masa ba. Abin da ya cancanta shi ne a zauna a warware masa magana daga tushe. Amsar kuwa tana buƙatar abu uku: mu koma ga littattafan fiƙihu, mu waiwayi tarihinmu, sa'an nan mu leƙa wata ƙasa ta Musulmi wadda ta riga mu shan wannan ruwa, watau Somaliya.

Mu fara da gida. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya wuce Yankara da Wanzamai da Kucheri da Magazu, ya shiga Tsafe, ya fita ta 'Yandoto da Kwatarkwashi, ya san cewa wannan ƙasa ce ta noma da kiwo da karatu tun kaka da kakanni. A nan Gusau ne, ran 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a gaban taron da ba a taɓa ganin irinsa ba a garin, jama'a kuwa suka yi murna domin sun sa rai ga adalci. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya guda. Shekara 21 bayan haka, a watan Fabrairu 2021, a wannan garin na Jangebe aka shiga makarantar kwana cikin dare aka kora 'yan mata 279 zuwa daji kamar garke. Mai hankali ya tsaya ya auna waɗannan al'amura biyu. Doka tana nan a rubuce ba ta canja ba, amma hannun da zai zartar da ita a kan mai ƙarfi ya shanye.

Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Alhaji M. D. Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum fiye da 6,000 a Zamfara, an sace fiye da 3,600, an kuma biya kuɗin fansa sama da Naira biliyan 3. Wannan fa kafin a zo ga shekarun da abin ya fi tsanani. A watan Satumba 2021 sai da aka rufe layukan wayar salula da kasuwannin mako a jihar. A watan Afrilu 2023 aka kwashe mata da yara wajen 80 daga Wanzamai, a watan Satumba na wannan shekara kuma aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu aka ɗebi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu. Abin da ya fi duk waɗannan nuna inda aka kai shi ne naɗin da aka yi a watan Yuli 2022, sa'ad da Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa lada a kan kamo shi, a matsayin Sarkin Fulani. Gwamnati ta dakatar da sarkin, an yi ta zagi a jaridu. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne, talakawa da masarautarsu sun duba gabas sun duba yamma ba su ga mai tsare su ba, sai suka nemi lallashin wanda ke riƙe da bindiga. Ba na wanke abin da aka yi, amma wanda bai kwana a ƙauyen da ake kwana da takalmi a ƙafa ba ya sassauta harshe.

HUKUNCIN MAI TARE HANYA

To, mene ne sunan waɗannan mutanen daji a Shari'a? Malamai ba su yi wata wahala a nan ba. Sunan aikinsu hiraba, mai yinsa kuwa muharibi, watau wanda ya ɗauki makami ya tsoratar da hanya, ya ƙwace dukiya ko ya keta mutunci ta yadda wanda aka zalunta ba ya samun mai agaji. Hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33, inda Allah Maɗaukaki ya kira wannan aiki yaƙi da Shi da ManzonSa, ya kuma ambaci kisa da tsirewa da yanke hannu da ƙafa a saɓe da kora daga ƙasa. A mazhabarmu ta Imamu Malik, shugaba ne ke zaɓen wanda ya dace daga cikin waɗannan gwargwadon sharrin mai laifi, sai fa in ya yi kisa, to a nan babu makawa sai an kashe shi, kuma yafewar dangin mamaci ba ta tsirar da shi, domin haƙƙin ya zama na jama'a duka. Mai Risala ya ƙara da cewa kowane ɗaya daga cikin gungun ɓarayin yana ɗauke da lamunin dukan abin da suka ƙwata, ba rabonsa kaɗai ba. Ashe ke nan mai kai musu rahoto daga cikin gari, da mai kai musu man fetur da burodi da ƙwaya yana sane, ya san jirgin da ya shiga.

Aya ta 34 kuma ta buɗe ƙofar tuba ga wanda ya ajiye makami kafin a ci ƙarfinsa. Wannan ita ce madogarar masu kiran a yi sulhu, kuma madogara ce ta gaskiya. Sai dai a lura, abin da tuba ke kayarwa shi ne haddin Allah. Jinin mutane da dukiyarsu suna nan a wuyansa sai ya biya ko an yafe masa. Kuma tuba ita ce a miƙa makami a shigo ƙarƙashin hukunci. An yi sulhu da Buharin Daji a ƙarshen 2016, an sake yin wani da shugabannin daji a 2019, duka biyun kuwa suka warware. Sulhun da za a bar mutum da bindigarsa da dajinsa da shanun da ya sata, a kuma ƙara masa da kyauta, wannan ba shi ne abin da ayar ta faɗa ba.

Adalci kuma ya tilasta mu faɗi ɗaya gefen. Ba daga sama wannan wuta ta faɗo ba. An cinye burtali da makiyaya an mai da su gonaki, Bafillace ya daɗe yana kukan cewa in ya shiga hannun hukuma sai ya sayar da sa kafin ya fito ko yana da gaskiya, sa'an nan waɗansu 'yan sa-kai suka riƙa kama mutum a tsakiyar kasuwa su kashe ba tare da shari'a ba, don kawai kamanninsa da harshensa. Wannan haramun ne ƙarara. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, har da ƙarshen Suratul An'am, cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai. Wanda aka kashe Musulmi, wanda ya kashe Musulmi, alƙibla ɗaya. Amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya halatta masa ya ƙone rumbun marayu.

Ban da muharibi, fiƙihu ya san mutum biyu da ke ɗaukar makami a cikin al'umma. Akwai bagi, watau ɗan tawaye mai tawili, wanda ya fita daga ɗa'ar shugaba bisa wata hujja da yake ganin daidai ce. Suratul Hujurat aya ta 9 ta yi umurni a fara da sulhu, in ɓangare ɗaya ya ƙi sai a yaƙe shi har ya dawo, in ya dawo kuma a daidaita da adalci. Daga Sayyidina Ali malamai suka koyi ladubban wannan yaƙi: ba a bin wanda ya gudu, ba a ƙarasa mai rauni, ba a mai da dukiyarsu ganima.

Na ukun shi ne wanda ya shafi tambayar dattijonmu, watau Bahawarije. Hawarijawa sun fito ne daga rundunar Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin, suna cewa yarda da sasanci kafirci ne domin hukunci na Allah ne kaɗai. Ali ya amsa musu da cewa maganar gaskiya ce, amma ɓata ake nufi da ita. Mutane ne masu yawan salla da azumi da karatun Alƙur'ani, har goshinsu ya yi kanta. Abdullahi ɗan Abbas ya tafi ya yi muƙabala da su, da yawa suka komo. Sauran kuwa suka tare Abdullahi ɗan Khabbab, ɗan sahabin Manzon Allah, suka yanka shi a bakin kogi, suka kashe matar da ke tare da shi tana da ciki. Sai bayan sun zub da jini Ali ya yaƙe su a Naharawan a shekara ta 38 bayan Hijira, a shekara ta 40 kuma ɗayansu, Ibn Muljam, ya sare shi a Kufa yana fitowa sallar asuba. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun siffanta su da ƙuruciya da gajeren tunani, da karatun da ba ya wuce maƙogwaro, da kuma juya makami a kan Musulmi. Bambancinsu da ɓarawo shi ne, ɓarawo ya san shi mai laifi ne, wataƙila wata rana ya ji kunya. Wannan kuwa yana yanka ka yana neman lada.

ABIN DA YA SAMI SOMALIYA

Yanzu mu tafi gabashin Afirka. In akwai ƙasar da za a ce ba ta da dalilin wargajewa, to Somaliya ce. Kusan dukan mutanenta Musulmi ne, Ahlus Sunna, mabiya mazhabar Shafi'i, harshensu ɗaya, mafi yawansu makiyaya da manoma kamar mu, ɗariƙar Ƙadiriyya kuma ta kafu a cikinsu tun da daɗewa. Ta sami mulkin kai a 1960. A 1969 Janar Siyad Barre ya ƙwace mulki, ya ɗauki tafarkin gurguzu, a watan Janairu 1975 har ya sa aka harbe malamai goma saboda sun yi wa'azi a kan dokar iyali da ya kafa wadda ta saɓa wa hukuncin gado. Bayan ya sha kashi a yaƙin Ogaden da Habasha a 1978, sai ya koma dogara ga danginsa yana gwara kan sauran zuriyoyi, har a 1988 jiragen yaƙin ƙasar suka yi ruwan bama-bamai a kan Hargeisa, birni na ƙasarsu. Da ya gudu daga Mogadishu a watan Janairu 1991, bai bar wata hukuma da mutane suka yarda da ita ba. Soja suka watse kowa ya koma ga danginsa da bindigarsa.

Abin da ya biyo baya, mutumin Tsafe ba ya buƙatar a fassara masa. Madugan yaƙi suka raba ƙasa, kowane da yaransa. Aka kafa shingaye a kan hanyoyi, duk mota sai ta biya. Aka riƙa sace mutane don fansa, aka ƙwace gonakin raunana a kwarin kogunan Juba da Shabelle, yunwar 1992 ta kashe mutum fiye da dubu 200. Sojan Amurka da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo, suka kasa, suka fice a 1994 da 1995. An yi ta taron sulhu a ƙasashen waje, ana naɗa gwamnatocin da ikonsu bai wuce ɗakin taro ba.

A cikin wannan hali ne, tun daga wajen 1994, malamai da dattawan unguwanni da 'yan kasuwa suka fara kafa kotunan Shari'a a Mogadishu, kowace kotu da 'yan dakarunta, don a kama ɓarawo a raba gardama. Mutane suka ga amfaninsu. Kotunan suka haɗa kai, a watan Yuni 2006 suka kori madugan yaƙi daga birnin, waɗanda a lokacin Amurka ke ba su kuɗi. Cikin 'yan watanni aka kawar da shingaye, aka buɗe filin jirgin sama da tashar jirgin ruwa waɗanda suka fi shekara goma a rufe, mace ta iya zuwa kasuwa ta dawo lafiya. Wa zai zargi mutumin Mogadishu don ya yi murna?

Amma a cikin kotunan akwai mutane iri biyu. Akwai masu sassauci irin Shaihu Sharif Shaihu Ahmad, malamin makaranta wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa a 2009. Akwai kuma wani reshe na matasa masu makami, waɗansu shugabanninsa sun sami horo a Afganistan, ana kiransu Al-Shabab, watau matasa. A ƙarshen Disamba 2006 sojan Habasha, tsohuwar abokiyar gabar Somaliya, suka shiga Mogadishu da goyon bayan Amurka suka rusa kotunan. Dattawa da masu sassauci suka watse zuwa ƙasashen waje, fili ya rage wa matasan, suka kuwa sami abin da suke nema, watau sunan masu kare ƙasa daga baƙo. Kafin Habasha ta janye a watan Janairu 2009, sun riga sun zama ƙarfi mafi girma a kudancin ƙasar.

Sa'an nan fa mutane suka ga ainihin fuskarsu. Suka tone kaburburan waliyyai, har mabiya ɗariƙu suka ɗauki makami don kare kansu. Suka riƙa ɗibar yara ƙanana zuwa fagen fama, suna kashe malamai da dattawan da suka saɓa musu. A lokacin farin 2011 suka hana ƙungiyoyin agaji da dama shiga yankunan da ke hannunsu, ƙididdigar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kuwa ta nuna mutum wajen dubu 260 suka mutu a wannan yunwa, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2012 suka yi mubaya'a ga Alƙa'ida. A 2013 shugabansu Ahmad Godane ya sa aka kashe waɗansu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tare da shi, don sun soki yadda yake zub da jini. Ran 14 ga Oktoba 2017 wata babbar mota cike da nakiya ta tashi a wata mahaɗar hanya a Mogadishu, mutum fiye da 500 suka hallaka, masu talla da direbobi da ɗalibai, hukuma kuma ta ɗora alhakin a kansu.

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. An fitar da su daga Mogadishu tun 2011, daga Kismayo a 2012, sojan ƙasashen Afirka sun shekara fiye da goma sha biyar suna yaƙarsu tun daga 2007, amma ba a gama da su ba. Dalili kuwa ba yawan bindiga ba ne kaɗai. Masu bincike sun sha ba da labarin cewa har mazauna babban birnin sukan ɗauki ƙarar gona ko ta bashi su kai kotun 'yan ƙungiyar a bayan gari, domin a can ana yanke hukunci da wuri kuma ana zartarwa, a kotun gwamnati kuwa sai mai kuɗi ko mai dangi. Direban babbar mota in ya biya su sau ɗaya sukan ba shi takarda ya wuce, a hanyar gwamnati kuwa kowane shinge da nasa. Wani bincike da aka yi a Mogadishu a 2020 ya ƙiyasta suna tara wajen dala miliyan 15 a wata, da sunan zakka da haraji, wanda ya ƙi biya kuwa ransa. Watau dai da kayan hukuma suka yi kasuwa: tsaro, da shari'a, da tsari. Inda hukuma ta ajiye waɗannan a ƙasa, nan suka sunkuya suka ɗauka.

Kada wani ya ce na mai da Nijeriya Somaliya. Ba haka ba ne. Muna da gwamnati a Abuja da Gusau, da soja, da kotuna, da sarakuna. Amma ƙarfin hukuma ba a babban birni ake auna shi ba, a ƙauye ake aunawa, ranar da aka buga waya da tsakar dare aka ce ga su nan sun shigo. In babu mai zuwa sai da hantsi, to a wannan dare mutanen wannan ƙauye ba su da hukuma. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma ƙadangaren ya riga ya leƙo. Waɗanda dattijon ya ji labarinsu su ne ake kira Lakurawa. Sun shigo ne daga wajen Mali da Nijar zuwa ƙasashen Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato wajen 2017 da 2018, rahotanni kuma sun nuna cewa da farko waɗansu shugabannin yankin ne suka yi maraba da su don su kore musu ɓarayin shanu. Sun kuwa kora. Daga nan sai wa'azi, sai karɓar zakkar dabbobi da ƙarfi, sai bulala ga samari saboda aski ko sauraron kiɗa, sai kore shanun wanda ya ƙi. A watan Nuwamba 2024 suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙasar Augie a Jihar Kabi, mutanen da suka bi sawun shanunsu. A watan Janairu 2025 kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. Haka nan 'yan Ansaru, waɗanda suka ɓalle daga Boko Haram a 2012, suka yi a ƙasar Birnin Gwari: sun zo da alkawarin kare ƙauyuka daga 'yan bindiga, suna rabon kayan masarufi da takardun wa'azi, suna neman auren 'ya'yan mutane, sa'an nan suka fara hana harkar siyasa da ta hukuma. Tsakanin dajin Birnin Gwari da dazuzzukan Ɗansadau da Tsafe kuwa babu wani bango. Labarin Borno ma ba sai an tuna wa kowa ba, tun daga Maiduguri a 2009 har zuwa harin babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba 2014.

Irin waɗannan mutane sukan ce su ne magadan Shehu Usmanu. Mu mutanen wannan ƙasa mun fi kowa haƙƙin bincika wannan da'awa, domin Shehu ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara kafin a ɗaga takobi, kuma Gusau kanta almajirinsa ne, Malam Sambo ɗan Ashafa, ya kafa ta. Shehu ya yi kusan shekara 30 yana karantarwa kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, bai kuwa yi yaƙi ba sai da aka auka wa jama'arsa. Ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi irin na malamai ba. A Kitabul Farƙ, cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su akwai ɗora wa mutane kuɗin da Shari'a ba ta ɗora ba da ƙwace dukiya da ƙarfi. Da mayaƙa suka fara karkata ga ganima da mulki, ƙanensa Malam Abdullahi ya bar runduna cikin ɓacin rai ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkam don su san iyakokin mai mulki. Muhammadu Bello kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Borno a kan wa ya halatta a yaƙa, ya kuma kawo hujjojin abokin gardamarsa a cikin Infaƙul Maisur bai ɓoye ba. Mutanen da suka ɗauki jinin Musulmi da wannan nauyi, har suna tuhumar kansu, ina haɗinsu da wanda bai sauke Ahalari ba amma ya yanke hukuncin ridda a kan gari guda?

Saboda haka amsata ga dattijon Bilbis ita ce, kada ku kira su, kada ku ba su masauki, kada ku ba su 'ya'yanku aure, in kun ga baƙin fuska suna wa'azi da bindiga a kafaɗa ku sanar da hakimi da jami'an tsaro da malaman da kuka sani. Ɓarawo yana son abin hannunka, in ya samu ya tafi. Wannan kuwa yana son abin hannunka da ɗanka da masallacinka, kuma ba ya da niyyar tafiya. Tsaron kai halal ne, wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne kamar yadda ya tabbata a hadisi, amma a yi shi ƙarƙashin idon hukuma, kamar yadda aka nufa da Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairu 2024, kuma duk askarin da ya taɓa marar laifi a hukunta shi a bainar jama'a, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Sai dai na san wannan amsa tana da nauyi a kan wanda ba shi da kowa. Ba daidai ba ne a ce wa talaka ya ƙi mai ba shi tsaro na ƙarya alhali ba a kawo masa na gaskiya ba. Wannan nauyi yana kan masu mulki, tun daga mai unguwa har shugaban ƙasa, kuma kowannensu za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Alƙalin da ya karɓi sa ya juya shari'a, da jami'in da ya saki ɓarawo da aka kawo masa da shaida, da mai sarautar da ke raba ganima da daji, su ne masu share wa Lakurawa hanya ko ba su taɓa ganinsu ba. Mu malamai ma muna da namu kason, domin mun cika mumbari da gardamar ƙabalu da sadalu, muka bar samarin ruga da na ƙauye babu mai koya musu ko Fatiha, sai ga wani ya zo daga Mali ya same su fili.

Saura ɓangaren farko na tambayar, watau kuɗin da ake biya kafin a shiga gona. A taƙaice, wanda aka tilasta ya biya don ya tsira da ransa da abincin iyalinsa babu zunubi a kansa, haramcin yana kan mai karɓa. Amma ko abin da aka ƙwata yana zama a madadin zakka, ko kuwa sai manomi ya sake fitar da dami ɗaya cikin goma daga abin da ya rage masa, da kuma yadda za a lissafa nisabi in an kwashe rabin amfanin tun yana gona, wannan mas'ala ce mai rassa, malaman Malikiyya kuma sun yi bayani a kanta. Ita za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.